Shin ƙara mai ƙarfi ta fi mai rauni saurin isowa?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman wanda zai raba mana gardama ni da yayana. Shi ya dage a kan cewa ƙarar bindigar gargajiya, irin wadda 'yan bindiga ke bugawa a hawan sallah, ta fi muryar mutum gudu a cikin iska. Hujjarsa ƙarfi: wai jifan ƙato ya fi jifan yaro saurin isa, to haka ƙara mai ƙarfi za ta riga mai rauni. Ni kuma na sha ganin hayaƙin bindigar ya tashi daga can nesa, sai an ɗan jima ƙarar ta iso, duk da ƙarfin nata. To wai mene ne ke yanke gudun sauti? Ƙarfinsa ne, ko kaifinsa, ko wani abu dabam? Kuma dokar da ke kan sauti ita ce ke kan igiyar ruwa da ta rediyo?

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da maganar yayanka. Ka yi raɗa a bakin kasuwa, wa zai ji ka? Amma a buga bindiga, har unguwa ta uku sai an zabura. Abin da ke da ƙarfin kai wa can ai dole ya fi gudu.

Malama_Fiziks:
Baban Ilham, abu biyu ka haɗa wuri guda: nisan da sauti ke kaiwa kafin ya mutu, da kuma saurin tafiyarsa. Ƙarfi shi ke da alhakin na farko, ba ruwansa da na biyu. Raɗa da ihu gudunsu ɗaya, wajen mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne. Raɗar dai takan ƙare a hanya.

Dalilin da jifa bai zama misali ba shi ne, dutse da kansa yake tashi daga hannunka ya je can. Sauti kuwa babu abin da ke tashi daga bakin bindiga ya zo kunnenka. Iskar da ke bakin bindigar ce ke matse ta kusa da ita, wannan ta matse ta gaba, kowace ta ɗan motsa ta koma wurinta. Matsin ne ke tafiya. Saboda haka saurin yana hannun iskar, wato yadda take saurin miƙa matsin ga maƙwabciyarta. Mai bugawa ba shi da ta cewa da zarar ƙarar ta bar wurinsa.

Abu biyu ake dubawa a jikin duk abin da igiya ke bi ta cikinsa. Na ɗaya, taurinsa, wato ƙarfin da yake komawa yadda yake idan an matsa shi ko an ja shi. Na biyu, nauyinsa. Tauri na ƙara gudu, nauyi na rage shi.

Umar_Kwanar_Dawaki:
Allah ya ƙara basira Malama. To kaifin murya fa? Muryar mace ko ta yaro ba ta riga ta dattijo?

Malama_Fiziks:
Ba ta riga. Da tana riga, da duk wanda ya tsaya nesa da wurin kiɗa sai ya ji algaita ta iso kafin tambari, kiɗan ya rikice. Amma ko daga ina ka saurara a jere yake zuwa yadda aka yi shi. Kaifi yana zuwa ne daga yawan kaɗawa a daƙiƙa guda. Idan kaɗawar ta yi yawa sai tsawon kowace igiya ya gajarta, idan ta yi kaɗan ya tsawaita, gudun kuma yana nan inda yake.

Ɗan_Makaɗa:
Malama, a nan zan ɗan tsaya ki. Gidanmu gidan kalangu ne, a ciki na tashi. Idan Baba ya rataya kalangu ya matse tsirkiya da hammata, fatar takan ɗame, murya ta hau sama. Ya saki hannu, ta sauko ta yi kauri. Da haka yake kiran sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Haka mai gurmi ko mai garaya, in ya ɗaure tsirkiya tamau sai sautin ya yi kaifi. Ke kin ce kaifi ba ruwansa da gudu. Mu kuma muna jin kamar fatar sauri take ƙarawa in an matse ta. Yaya ke nan?

Injiniya_Sadau:
Ɗan Makaɗa, abin da kake ji daidai ne, kuma bai ci karo da maganar Malama ba. Igiya biyu ce a wurin. Akwai wadda ke kai da komo a jikin fatar kalangun, daga tsakiya zuwa baki ta dawo. Akwai kuma wadda ke fita cikin iska ta je kunnen jama'a. Matse tsirkiya ta farkon yake shafa. Fata ta ɗame, igiyar da ke jikinta ta ƙara gudu, ta riƙa zuwa da dawowa sau da yawa a daƙiƙa, shi ne muryar ke hawa. Amma da ta shiga iska, ko mai kaifi ko mai kauri, mita 343 ɗin nan ce.

A tsirkiya ma abin a fili yake, har ido na iya gani idan ka ɗaure doguwar igiyar shanya ka ɗan buge ta a gefe guda. In ta yi sako-sako za ka ga tudun yana tafiya a hankali har ya kai ƙarshe ya juyo. In ka ja ta tamau kafin ka kyafta ya dawo. Sai dai ba kai tsaye lissafin yake ba: sai ka ninka ja sau huɗu kafin gudun ya ninka sau biyu. Kuma tsirkiya mai kauri, da yake ta fi nauyi, igiyarta ta fi nawa, shi ya sa muryarta ke ƙasa. Tauri da nauyi ɗin da Malama ta ambata ke nan, a hannun mahaifinka.

Ɗan_Makaɗa:
Madalla. Shi ya sa ke nan da damina fata ke yin sanyi, murya ta faɗi, sai an ɗan shanya ganga a rana ko a kusa da wuta kafin a fita.

Hajiya_Maijidda:
Ni tambayata a kan tsawa ce. Tun muna yara ake cewa in ka ga walƙiya ka ƙirga. Me ake ƙirgawa?

DanDamagaram:
Hajiya, nisa ake ƙirgawa. Mu a lakkol haka aka koya mana: daga ganin walƙiya zuwa jin tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita guda ce. In kin ƙirga 9, to wajen kilomita 3 ta faɗi. Hasken yana isowa kusan nan take, don gudunsa ya kusa kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ku lura kuma da wannan, tsawa ta fi kowace bindiga ƙarfi, amma ga ta tana tafe da gudun da muryar jariri ke yi. Dan Fagge, ka kai wa yayanka wannan. In kuma tsakanin haske da ƙara bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar gindin bishiya da fili a shiga ɗaki.

Baban_Ilham:
To na ji ta tsawa. Amma ku gaya mini, me ya sa da asubar hunturu ake jin kiran salla daga masallacin da ke can wani gari, wanda da rana ko alamarsa ba a ji? Ashe sanyi na ƙara wa sauti gudu ke nan.

Malama_Fiziks:
Akasin haka ne, Baban Ilham. Sanyi rage gudun yake yi. A digiri sifili mita 331 ne a daƙiƙa, kuma kowane digiri guda na zafi yana ƙara wajen mita 0.6. Da asubar hunturu mai digiri 12 za ka samu kusan 338, da azahar ɗin bazara mai digiri 40 kuma kusan 355.

Abin da ke faruwa da asuba shi ne, ƙasa ta huce cikin dare, iskar da ke dab da ita ta yi sanyi, ta sama kuma ta fi ɗumi. Ɓangaren igiyar da ke sama sai ya fi na ƙasa sauri, sautin ya lanƙwaso ƙasa wajen gidaje maimakon ya tsere sama. Da rana kuwa ƙasa ce mai zafi, sai ya lanƙwasa sama ya wuce ta kan mutane. Ga kuma shirun asuba, babu babur babu injin niƙa. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, bambancin gudu ne ma ya haifar da shi, amma ba ta fuskar da ka ɗauka ba.

Tsohon_Ma'aikacin_Dogo:
Ku ba tsoho wuri. Na yi aiki a layin dogo shekaru masu yawa. Idan abokin aiki yana can nesa ya daki ƙarfen dogo da guduma, sau biyu kake jin bugu ɗaya. Na farko ta cikin ƙarfen, wani siririn "tin" a ƙarƙashin ƙafarka, sannan daga baya na iska ya iso. To ga tambaya ga masu cewa nauyi na rage gudu: ƙarfe bai fi iska nauyi ba? Me ya sa ya riga ta?

Kuma don Allah yara masu karantawa, kada wani ya je ya kara kunne a kan dogo wai gwaji. Jirgi ba ya tsayawa yadda mota ke tsayawa.

Injiniya_Sadau:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ƙarfe ya fi iska nauyi sau dubbai, haka ne. Amma a tauri ya fi ta sau sama da miliyan. Da aka auna biyun sai tauri ya rinjaya. Shi ya sa sauti ke yin sama da mita 5,000 a daƙiƙa a cikin ƙarfe, kusan ninki 15 na iska. Kilomita guda a dogo kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne, a iska kuma daƙiƙa 3. Ruwa yana tsakiya, wajen mita 1,480.

Mutane da yawa sun haddace cewa wai abu mai nauyi ya fi kai sauti da sauri. Ba nauyin ba ne. Dalma ta fi ƙarfe nauyi, amma da yake tana da laushi, gudun sauti a cikinta bai kai rabin na ƙarfe ba. Iskar hiliyom kuma, wadda ake hura balan-balan da ita, ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, sauti na yin kusan mita 1,000 a daƙiƙa a cikinta.

Na ruwan nan ma an daɗe da auna shi. A 1826 wasu masana biyu, Colladon da Sturm, suka shirya gwaji da jiragen ruwa biyu a tafkin Janiba na ƙasar Suwizalan. Na cikin jirgi ɗaya ya daki ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa, a daidai lokacin kuma albarushi ya kama da wuta a sama. Na cikin ɗayan jirgin yana can nesa da wani dogon bututu a kunne, ya ga haske ya fara ƙirga har ƙarar ta iso ta ruwa. Suka samu mita 1,435 a daƙiƙa a ruwan sanyi. Dabarar walƙiya da tsawa ce dai suka yi amfani da ita.

Nas_Hauwa:
Mu a asibiti da wannan lissafin muke aiki kullum, ko da ba mu ambace shi ba. Na'urar sikanin ciki sauti take turawa, mai kaifin da kunne ba ya ji, ta jira amsa-kuwwarsa ta dawo daga jikin jariri. An saita ta a kan cewa sauti na yin mita 1,540 a daƙiƙa a cikin naman jiki. Daga lokacin da ya ɗauka ya je ya dawo take gane zurfin kowane abu, ta zana hoton. Man da ake shafa wa mai ciki kuma don a kori iskar da ke tsakanin na'ura da fata ne, domin in akwai iska kusan duk sautin a nan zai juya, ba zai shiga ba.

Ɗan_Su_Yauri:
Duk kun tafi kan sauti kun bar rabin tambayar Dan Fagge. Ni a ruwa nake neman abinci. Kuma abin da nake gani bai bi dokarku ba. In babban jirgi mai inji ya wuce can tsakiya, manyan igiyoyi masu faɗi su ke fara isowa gaɓa su ɗaga kwalekwale, ƙananan sai daga baya su biyo. Ruwa ɗaya ne, ba a canza shi ba. To ina maganar cewa abin da igiya ke bi shi kaɗai ke yanke gudu?

Malama_Fiziks:
Ɗan Su, ka kawo wurin da dokar ke da togiya, kuma idonka bai yaudare ka ba. Igiyar saman ruwa ba matsi ba ce irin ta sauti. Abin da ke mayar da ruwa wurinsa in ya tashi shi ne jan ƙasa. A ruwa mai zurfi, doguwar igiya ta fi gajera gudu: mai tsawon mita 100 daga tudu zuwa tudu tana yin wajen mita 12 da rabi a daƙiƙa, mai tsawon mita 10 kuma wajen mita 4. Amma ka lura, tsawonta ne ya ba ta gudun, wato tazarar da ke tsakanin tudu da tudu.

Idan kuma ruwan ya zama marar zurfi a kan tsawon igiyar, sai zurfi ya karɓi ragamar. Zurfin mita 1 na ba da wajen mita 3 a daƙiƙa, zurfin mita 4 na ba da wajen 6.

Ɗan_Su_Yauri:
Wannan na biyun na san shi da idona. Igiya ko a karkace ta taso, in ta kusa gaɓa sai ta juyo ta fuskanci tudu. Gefen da ya fara shiga ruwa marar zurfi ne ke rage gudu, ɗaya gefen ya zagayo.

DanDamagaram:
A nan ne tsunami, wato ƙatuwar igiyar teku da girgizar ƙasa kan tayar, ke da ban tsoro. Tsawon igiyarta kan wuce kilomita 100, saboda haka ko tsakiyar teku a wurinta ruwa ne marar zurfi. A zurfin mita 4,000 tana yin wajen kilomita 700 a awa, kusan gudun jirgin sama, alhali jirgin ruwan da ke kanta da ƙyar zai ji wucewarta. Ta ranar 26 ga Disamban 2004, wadda ta taso daga gaɓar Sumatra a Indunusiya, ta isa Siri Lanka cikin kimanin awa 2, ta isa Somaliya cikin kimanin awa 7. In ta zo ruwa mai zurfin mita 10 gudun ya faɗo zuwa wajen kilomita 36 a awa, na baya ya hau kan na gaba, ruwa ya miƙe tsaye. Fiye da mutum 200,000 suka rasu. Awannin nan da sun isa a kwashe mutane da yawa daga bakin teku, amma a lokacin babu tsarin gargaɗi a tekun Indiya. Allah ya jiƙansu.

Hajiya_Maijidda:
Amin ya Allah. Allah ya kiyaye mu.

Injiniya_Sadau:
Amin. Girgizar ƙasa ma igiya biyu take aikowa ta cikin dutse. Ta farko mai matsi ce irin ta sauti, tana yin wajen kilomita 6 a daƙiƙa a ɓawon ƙasa. Ta biyu mai kaɗa ƙasa gefe da gefe ce, wajen kilomita 3 da rabi, kuma ta fi ɓarna. Japan na amfani da wannan tazarar: na'urori su ji ta farko, su aika saƙo ta waya, jiragen ƙasa su taka birki kafin ta biyu ta iso. Ta biyun kuma ba ta ratsa ruwa ko narkakken abu, da haka masana suka gane cewa akwai narkakken sashe a can cikin duniya, ba tare da kowa ya haƙa ya gani ba.

Tsohon_Mai_Sauraro:
Saura rediyo. Mu da muka tashi da murɗa akwati muna neman mita 16, 19 da 25 a gajeren zango, a zatona gajeren zango ya fi FM gudu tunda daga Landan da Jamus yake zuwa.

Malama_Fiziks:
Baba, gudunsu ɗaya, gudun haske, domin igiyar rediyo da haske dangi ɗaya ne. Mitocin nan tsawon igiyar ne. Mita 19 na kaɗawa wajen sau miliyan 15 a daƙiƙa, tashar FM da ke kan 100 kuma sau miliyan 100, tsawon igiyarta mita 3. Ka ninka tsawo da yawan kaɗawa, duka biyun za su ba ka wajen kilomita 300,000. Gajeren zango na kai wa nesa ne don yana karo da wani sashe na sararin sama ya dawo ƙasa.

Haske, shi da danginsa irin igiyar rediyo, shi ne ya fita dabam da sauran, don ba ya bukatar komai ya bi ta ciki. Daga rana yake ratso fanko ya iso mana cikin minti 8 da daƙiƙa 20. Amma in ya shiga abu, abin ne ke yanke masa gudu: a ruwa wajen kilomita 225,000 a daƙiƙa, a gilashi wajen 200,000. Ibnul Haisam ya faɗi tun kusan shekara dubu da suka wuce cewa haske na ɗaukar lokaci kafin ya isa, kuma yana rage gudu a abu mai kauri, tun babu na'urar da za ta auna. Sai a 1676 Romer, ɗan ƙasar Denmak, ya nuna hakan ta hanyar lura da wani wata na duniyar Mushtari.

Umar_Kwanar_Dawaki:
Shi ya sa wakilin talabijin ke yin shiru kaɗan kafin ya amsa tambaya?

Injiniya_Sadau:
Yana daga ciki. Tauraron ɗan'adam irin na talabijin yana sama da kilomita 35,000 a sama. Hawa da sauka kaɗai kusan rubu'in daƙiƙa ne, ga na amsar ta dawo, ga jinkirin na'urori.

Sani_Mai_Walda:
Ni fa ban yarda an gama da yayan Dan Fagge ba. Na ga bidiyon fashewar tashar jiragen ruwa ta Beirut a watan Agustan 2020. Wani farin gajimare ya bazu cikin ƙiftawar ido yana rusa gine-gine. Wannan gudun muryar mutum ne?

Injiniya_Sadau:
Ba shi ba ne, Malam Sani, kuma ka taɓo gaskiya. In fashewa ta yi tsanani ƙwarai, takan matse iska ta zafafa ta har ta sauya halinta, sai gaban igiyar ya wuce gudun sauti. Amma a kusa da wurin ne kawai. Yana yin nisa ƙarfin na raguwa, ya dawo gudun da aka saba. Mutanen tsibirin Saifurus, sama da kilomita 200 daga Beirut, sun ji ƙarar, amma sai bayan mintuna.

Baban_Ilham:
To ka ji. Ashe dai ƙarfi na da tasiri. Yayan nasa bai faɗi ƙasa warwas ba.

Malama_Fiziks:
A 'yan takun farko daga bakin bindigar, e. Daga nan har zuwa inda 'yan kallo ke tsaye, a'a. In mutum ya yi ihu a gefen mai bindiga a daidai lokacin bugawa, bambancin isowarsu kunne ba zai iya raba shi ba. Kuma ko a Beirut ɗin, ƙarfin ya yi aiki ne ta hanyar sauya iskar kanta.

Baban_Ilham:
Ni dai tasiri nake magana, ko na taku ɗaya ne.

Ɗalibar_Aji_Biyar:
Malama, akwai yadda za mu auna da kanmu a makaranta ba tare da kayan ɗakin gwaji ba?

Malama_Fiziks:
Akwai, 'yata. Ku nemi doguwar katanga mai fili a gabanta, ku auna mita 50 daga jikinta. Ɗaya ta riƙa haɗa katako biyu tana bugawa, tana daidaita bugun har kowane ya faɗa daidai kan amsa-kuwwar na baya. Wata ta riƙe agogon waya ta auna lokacin tazara 20 tsakanin bugu da bugu. Kowace tazara sauti ya yi mita 100, zuwa da dawowa, jimla mita 2,000. Ku raba wannan da daƙiƙun da kuka samu, waɗanda za su kasance kusa da 6, sai gudun sauti ya fito. Ku gwada da bugu mai ƙarfi, ku sake da marar ƙarfi, ku kawo wa Baban Ilham sakamakon.

Ɗan_Su_Yauri:
In ana iska fa ranar? Don a kogi, igiyar da ke bin ruwa ta fi mai hawa sauri, wannan ba ni da shakka a kai.

Injiniya_Sadau:
Haka yake a iska ma, mai bin ta na samun ƙari, mai fuskantarta na samun ragi. Amma a gwajin katanga sautin zuwa yake ya dawo, abin da ya samu a tafiya kusan shi yake biya a dawowa. Su dai guji ranar da ake guguwa, don ba za su ji amsa-kuwwar sosai ba.